Kiriminoloji karatun ƴan sanda ne? Amsa ga ɗalibar soshiyoloji

Wata ɗaliba da ke aji biyu ta aiko min da wannan tambaya: "Malam, barka da aiki. Soshiyoloji nake karantawa, wato nazarin zamantakewar al'umma, kuma baɗi za mu fara zaɓar ɓangaren da muke son ƙwarewa a kai. Ni hankalina ya fi kwanciya da kiriminoloji, wato nazarin aikata laifuka. Sai dai Baba ya ce karatun ƴan sanda ne, bai dace da ƴa mace ba, Yaya kuma ya ce da na sani lauya na karanta. Me ake koyarwa a ciki, kuma wane aiki mutum zai yi da shi?"

Ƴata, barka kadai, Allah ya yi wa karatu albarka. Kin kyauta da kika yi tambaya tun kafin ki cika fom, domin da yawa daga cikin ƴan uwanki sai sun kai aji huɗu suke gane cewa abin da suka zaɓa ba shi suke zato ba. Kada kuma ki ga laifin Baba. Duk wanda ya ji an ambaci laifi a sunan karatu, abin da zai fara faɗo masa a rai shi ne kaki da ankwa da caji ofis.

Bari mu ɗauki abin da kowa ya sani. A ce an ƙwace wa wata baiwar Allah waya a cikin adaidaita sahu, gab da magariba, kusa da wani shataletale. Ɗan sanda abin da ya dame shi shi ne wa ya ƙwace, ina ya shiga. Lauya da alƙali za su duba wane sashe na doka aka karya, sata ce ko fashi, kuma ko akwai hujjar da za ta tsaya a gaban kotu. Mu masu kiriminoloji kuwa tambayoyinmu daban ne. Me ya sa aka fi yi a wannan shataletalen, ba a na gaba da shi ba? Me ya sa sai da magariba? Me ya sa yawancin masu yi samari ne? Hannun wa wayar take faɗawa washegari, nawa yake saye, wa yake cire mata makulli? Me ya hana matar kai ƙara? In an kama yaron an tsare shi, da wane hali zai fito? Ɗan sanda mutum ɗaya yake bi, mu kuma muna bin yadda abin yake ta maimaituwa, da abin da ke ciyar da shi. Sannan ki cire wa ranki abin da ake nunawa a talabijin na masu farar riga da ke ɗaukar hoton yatsa da gwajin jini. Wancan fanni ne na masu kimiyyar sinadarai da halittu, ƙofarsa daban ce.

Edwin Sutherland, wanda shi kansa malamin soshiyoloji ne a Amurka, ya ce fannin nan ya ƙunshi abu uku: yadda ake yin doka, yadda ake karya ta, da yadda al'umma take mayar da martani idan an karya. Ɗalibai sukan yi tsalle su faɗa na biyun, alhali na farkon ne yake buɗe ido. Ki dubi Agadas. Shekara da shekaru direbobi suna ɗaukar matafiya suna ratsa hamada zuwa Libiya a bainar jama'a, sana'a ce da ake ci da iyali da ita. A 2015 Nijar ta yi dokar da ta haramta safarar baƙin haure, daga 2016 aka fara kama direbobi ana ƙwace motocinsu, sannan a watan Nuwamban 2023 gwamnatin soja ta soke dokar. Direban shi ne dai, motar ita ce, hanyar ma ba ta canja ba, amma a cikin shekara takwas ya tashi daga mai sana'a ya koma mai laifi, ya sake dawowa mai sana'a. Wa ya matsa aka yi dokar, wa ya amfana, ina direbobin suka koma neman abinci lokacin da aka rufe musu hanya? Wannan kiriminoloji ne tsantsa. A nan gida ma, Arewa tana aiki da kundin laifuka na Final Kod tun 1960, Kudu tana da nata kundin daban, sannan daga shekarar 2000 Zamfara ta fara aiki da kundin laifuka na Shari'ar Musulunci, wasu jihohi 11 suka biyo baya. Zina laifi ce a Final Kod, amma babu ta a jerin laifukan kundin Kudu. Ƙasa ɗaya, ma'auni fiye da ɗaya.

Kwas ɗin da zai fi cin lokacinki shi ne na ra'ayoyin masana kan dalilin aikata laifi. A 1764 wani Ba'italiye mai suna Cesare Beccaria ya ce abin da ke hana mutum laifi shi ne tabbacin za a kama shi a hukunta shi ba da jinkiri ba, tsananin hukuncin kuwa bai kai wannan tasiri ba. Har gobe bincike yana gaskata shi, kuma har gobe duk lokacin da wani laifi ya addabe mu, abin da muke fara kira shi ne a tsananta hukunci, alhali ɓarawon ya san da wuya ma a kama shi. A 1876 wani likita, Cesare Lombroso, shi ma ɗan Italiya, ya auna ƙoƙunan kai da fuskokin fursunoni, ya ce akwai wanda ake haifa da laifi a jikinsa, ana iya gane shi ta muƙamuƙi da kunne. A 1913 Charles Goring ya gwada fursunoni kusan 3,000 a Ingila da mutanen da ba a taɓa ɗaurewa ba, bai samu wata siffa ta masu laifi ba. Na tsaya a kan wannan ne domin ra'ayin Lombroso ya mutu a littafi amma yana nan da ransa a bakinmu. Duk ranar da kika ji an ce "ai sata a jininsu take", ko aka ga mutum da rawani da sanda aka ce ɗan bindiga ne saboda ƙabilarsa, to shi ne yake magana.

Soshiyoloji ce ta ɗauke ido daga jikin mutum ta mayar da shi kan inda mutum yake zaune. A 1942 Clifford Shaw da Henry McKay suka nuna cewa a birnin Chicago akwai unguwannin da laifin yara bai taɓa raguwa ba tsawon shekaru, duk da cewa mazaunansu sun yi ta canjawa: Jamusawa da ƴan Ireland suka tashi, ƴan Poland da Italiyawa suka shigo, bayansu baƙaƙen fata suka zo. Waɗanda suka tashi suka koma wasu unguwanni, laifin ƴaƴansu ya ragu. Ashe unguwar ce, da talaucinta da cunkosonta da yadda maƙwabci bai san maƙwabci ba, balle ya tsawata wa ɗansa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Sutherland ya ƙara da cewa laifi koyonsa ake yi kamar kowace sana'a, a wurin waɗanda ake zama da su, kuma ba dabarar kaɗai ake koya ba, har da uzurin da mutum zai ba zuciyarsa. Bahaushe ya riga shi faɗa, da ya ce zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Robert Merton kuma a 1938 ya ce idan al'umma ta koya wa kowa cewa darajar mutum dukiyarsa, amma ta toshe wa mafi yawa hanyar samunta ta halas, wasu za su haura katanga. Ki karanta shi, sannan ki tuna yadda ake karrama mai kuɗi a wurin biki ba tare da an tambayi sana'arsa ba.

Akwai guda biyu da nake so ki riƙe da kyau. Howard Becker a 1963 ya yi bayanin yadda laƙaba wa mutum suna yake tura shi cikin abin da aka kira shi da shi. Yaro ya ɗauki kazar maƙota sau ɗaya, unguwa ta sa masa "ɓarawo", mai gareji ya ƙi ɗaukarsa koyon aiki, iyaye suka hana ƴaƴansu tafiya da shi, to su wa suka rage masa? Na biyun kuma Sutherland ne dai, a 1939, da ya jawo hankali kan laifin masu manyan riguna, waɗanda suke sata da biro a ofis. Daga baya ya bi diddigin manyan kamfanoni 70 na Amurka, ya nuna yadda suke karya doka a kai a kai ba tare da kowa ya kira su masu laifi ba. Ɗalibin da ya gama karatun nan yana ganin laifi na talaka ne kawai, bai karanta komai ba.

Amma ki lura, duk waɗannan a Turai da Amurka aka gina su, a kan biranensu. Fitila ce za ki ara, ba amsa ba. Daba a Kano tana da jijiya a farauta da tauri da gabar unguwanni, sannan ƴan siyasa suka shayar da ita. Kalare a Gombe, sara-suka a Bauchi da Jos, ƙauraye a Katsina, samarin fale a Damagaram, kowanne da tarihinsa. Ta'addancin ƴan bindiga a Zamfara da Katsina da Sakkwato ba za ki fahimce shi ba sai kin san batun burtali da makiyaya, da satar shanu, da ƴan sa-kai, da haƙar zinare, da yadda makamai suke ƙetaro iyaka. Ko tarihin ƴan sandanmu ma sai kin koma kan dogarai da ƴan dokan En'e, waɗanda aka narkar cikin rundunar tarayya a ƙarshen shekarun 1960. Muna da namu malaman da suka share hanya. Marigayi Farfesa Femi Odekunle, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, shi ne farfesan kiriminoloji na farko a Najeriya. Farfesa Etannibi Alemika na Jami'ar Jos ya yi aiki mai yawa a kan ƴan sanda. Janar Abdulrahman Dambazau, tsohon hafsan sojan ƙasa kuma tsohon ministan cikin gida, digirinsa na uku a wannan fanni ya yi shi a Jami'ar Keele ta Ingila. Duk da haka abin da ba a rubuta ba ya fi wanda aka rubuta yawa, musamman a kan Arewa.

Yanzu ga abin da ya fi komai muhimmanci a wurina, kuma shi ne ɗalibai suka fi gudu: dabarun bincike da ƙididdiga. Duk shekara nakan tambayi aji, wa aka taɓa sace wa waya ko aka ƙwace? Sai ki ga hannaye sun tashi ta ko'ina. Sai in ce to wanda ya kai ƙara caji ofis ya bar hannunsa a sama. Sai hannayen su zube, a bar biyu ko uku. In na tambayi dalili, wannan ya ce kuɗin da zai kashe ya fi kuɗin wayar, wancan ya ce mai unguwa ya sasanta, wata ta ce a gida aka ce ta bar wa Allah. Duk waɗannan laifuka an yi su, amma babu su a kowane littafin hukuma. Shi ya sa da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar da alƙaluman laifukan da aka kai wa ƴan sanda a 2017, sama da 130,000, Legas ita kaɗai ta ɗauki fiye da kashi ɗaya cikin uku. Wanda bai koyi aikin ba zai ce sauran jihohi lafiya lau suke. Wanda ya koya zai fara tambayar su wa suke kai ƙara, su wa suke rubutawa. Maganin wannan shi ne a bi gida-gida a tambayi mutane abin da ya same su, kamar yadda Amurka take yi tun 1973, Ingila tun 1982, kuma Gidauniyar CLEEN ta yi irinsa a Najeriya.

Ki ga amfanin ƙirga na gaskiya. Binciken shan miyagun ƙwayoyi na 2018, wanda Hukumar Ƙididdiga ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da ƙwayoyi da laifuka, ya gano mutum miliyan 14.3 ƴan shekara 15 zuwa 64 sun yi amfani da ƙwaya a shekarar da ta gabata, kuma ɗaya cikin kowane huɗu mace ce. Ya kuma nuna Kudu maso Yamma ce kan gaba da kusan kashi 22 cikin 100, Arewa maso Yamma tana da kashi 12, saɓanin abin da ake ta yaɗawa a baki. A birnin Philadelphia na Amurka, wani bincike da aka buga a 1972 ya bi yara maza kusan 10,000 da aka haifa a 1945, ya samu kashi 6 cikin 100 ne kawai suka aikata fiye da rabin laifukan. A birnin Minneapolis kuma, can Amurka, a 1989 aka gano kashi 3 cikin 100 na wurare ne suke jawo rabin kiran da ake yi wa ƴan sanda. Ki yi tunanin gari irin Kano ko Kaduna a ce akwai wanda ya zauna ya zana taswirar inda ake ƙwacen waya, titi-titi, sa'a-sa'a. Da an san inda za a sa fitila da inda za a tsayar da mota, maimakon a shiga unguwa a kwashe duk saurayin da aka gani. Wannan aikin ba ya buƙatar bindiga, mai haƙurin ƙirga yake buƙata. Don haka kada ki yarda ki haye kwas ɗin ƙididdiga da haddar dare ɗaya. Cikin manhajojin lissafi na kwamfuta, ki koyi Excel sosai, ki koyi SPSS, in kin samu hali ki taɓa R, wadda kyauta ce.

Ɗaya hannun binciken kuma shi ne zama da mutane. Na taɓa kai ɗalibai wani gidan gyaran hali, da izinin hukuma. Wata ɗaliba ta zauna a kan benci da takardar tambayoyinta, ta dubi wani saurayi ta ce, "Wane laifi ka yi?" Ya ɗago kai ya ce, "Hajiya, ba a ce na yi ba tukuna, tuhumata ake yi." Ta yi shiru, ta soke layin da biro. Da hira ta miƙa ya ce an ba da belinsa tuntuni, wanda zai tsaya masa ne babu, domin mutanensa suna ƙauye, ba su ma san inda yake ba. Abin da ta koya a wannan minti biyar ya fi laccar zango guda. Kusan kashi biyu cikin uku na waɗanda ke tsare a gidajen gyaran halinmu jiran shari'a suke yi, ba a yanke musu hukunci ba. Dokoki kuwa akwai su. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 ta ɗora wa alƙalan majistare duba wuraren tsare mutane na ƴan sanda duk wata. Dokar 2019, wadda ta mayar da hukumar gidajen yari ta koma hukumar gyaran hali, ta kawo hukuncin da ba na ɗauri ba, irin su yi wa al'umma aiki da sakin talala da sulhu tsakanin mai laifi da wanda aka zalunta. Tazarar da ke tsakanin abin da doka ta ce da abin da ke faruwa a ƙasa, nan ne gonarki. Kuma a nan Hausarki jari ce, domin mutum ba ya buɗe cikinsa ta bakin tafinta. Sai dai amana ce mai nauyi: ba a rubuta sunan wanda aka yi hira da shi, ba a ɗaukar muryarsa sai da yardarsa, ba a kuma yi masa alƙawarin da ba za a iya cikawa ba.

Game da ko gara digirin kiriminoloji zalla, irin wanda Jami'ar Karatu Daga Gida ta Ƙasa da Jami'ar Tarayya ta Dutse da wasu suke bayarwa haɗe da nazarin tsaro, ra'ayina shi ne ki zauna inda kike. Masu wancan digirin sun fi ki yawan kwasa-kwasan tsaro da aikin ƴan sanda, wannan gaskiya ne. Ke kuma kina da nazarin iyali, da birane, da addini, da yawan jama'a, da rabon arziki, kuma daga nan laifi yake tsirowa. In kin so zurfafawa, digiri na biyu yana jiranki. In da hali ki ɗauki kwas ɗaya a dokar laifuka, ɗaya a nazarin halayyar ɗan Adam. Karatun ƴan sanda na ainihi kuwa, wanda Baba yake nufi, a makarantarsu ta Wudil ake yinsa, inda ake fita da digiri da muƙamin mataimakin sufurtanda.

Batun aiki ba zan ɓoye miki ba: takardar ba ta ɗaukar kowa aiki. Ƴan sanda, da Sibil Difens, da hukumomin shige da fice da gyaran hali, da NDLEA, da EFCC, da ICPC, da NAPTIP mai yaƙi da fataucin mutane, duk suna ɗaukar masu digiri daga fannoni da yawa, kuma layin dogo ne. Bayan su akwai ma'aikatun mata da walwalar jama'a, gidajen horon yara irin na Kaduna da Ilori da Abeokuta, ƙungiyoyin da ke aikin sulhu da tallafa wa waɗanda rikici ya raba da gidajensu, sashen binciken zamba a bankuna, aikin jarida, da koyarwa. A duk wuraren nan na ga abin da ke raba masu nema: wanda zai iya tsara tambayoyi, ya tattara bayanai, ya tace su, ya rubuta rahoto mai shafi biyar da shugaba zai karanta ya gane, shi ake riƙewa. Saboda haka kundin kammala digirinki kada ki kwafo shi, kada ki saya. Ki zaɓi ƙaramin abu a kusa da ke, kamar yadda masu unguwanni uku suke sasanta ƙarar sata, ki yi shi da ƙafarki.

Maganar cewa bai dace da mace ba, a nan ina roƙon Baba ya sake dubawa. Yarinyar da aka yi wa fyaɗe, da matar da ake duka a gidan aure, da wadda ta faɗa shan kodin a ɓoye a cikin ɗaki, da matan da ke tsare tare da jariransu, akasarinsu ba za su iya faɗa wa namiji abin da ke ransu ba, ko da kuwa likita ne. Dokar hana cin zarafin mutane ta 2015 tana nan, jihohi da dama sun karɓe ta, amma doka ba ta jin kukan kowa sai an samu mai saurare. Abin da zan gargaɗe ki da shi kawai shi ne karatun yana da nauyi a zuciya. Za ki ji labaran da za su hana ki barci, kuma za ki zauna da wanda ya yi mummunan abu ki saurare shi ba tare da kin wanke shi ba, ba kuma tare da kin tofa masa yawu ba. Ba kowa ke iyawa ba, kuma wanda bai iya ba bai yi laifi ba.

Kafin ki yanke shawara, ga abin da nake so ki yi a hutun nan. Kotu a buɗe take ga kowa, in ba alƙali ya ce a fita ba. Ki nemi Yaya ya raka ki kotun majistare ko kotun Shari'a mafi kusa da ku, ki zauna a bencin baya kwana biyar a jere da littafi da biro. Ki rubuta ƙara nawa aka kira, nawa aka ɗage da dalilin ɗagewar, mutum nawa ne suke da lauya, me ake tuhumarsu da shi, shekarunsu kamar nawa, kuma wa ya zo dominsu. Kada ki rubuta sunan kowa. Ranar Juma'a ki zauna ki haɗa lissafin, ki kai wa Baba ya gani, sannan ki turo min abin da kika samu mu duba tare.